Zuwa ga ƙanina mai son karatun noman almon a jihar Kalifoniya ta Amurka

Assalamu alaikum ƙanina. Saƙonka ya iso, na kuma yi farin ciki da jin ka kammala digirin aikin gona a Samaru. Allah ya sa albarka. Ka ce kana so ka zo nan ka yi digiri na biyu a kan yadda ake jawo hankalin manoman almon (wata ƙwaya mai kama da gyaɗa da ke fitowa a bishiya) su rungumi noman da ba ya ɓata muhalli, ka tambaya ko abin da gaske ake yi ko talla ce kawai, kuma ko zai yi maka amfani in ka koma gida. Ni shawarata ka zo, amma ka zo da niyyar koyon ruwa da ƙasa da halin manomi. Ita bishiyar ba za ta bi ka Kano ba, don sai ta sha sanyi mai tsawo kafin ta yi fure.

Kusan kashi 80 cikin 100 na almon ɗin duniya daga kwarin da ke tsakiyar Kalifoniya yake fitowa, musamman yankunan Fresno da Kern da Stanislaus da Merced da Madera. Damuna a nan da sanyi take zuwa, lokacin zafi kuwa sai a yi wata da watanni ba a ga ɗigon ruwan sama ba, saboda haka komai da ban ruwa ake yi. Mai noman tumatir in ya ga fari yana iya barin gonarsa ta huta shekara guda. Mai almon ba shi da wannan damar, domin bishiyar da ya dasa za ta kai shekara 25 tana neman ruwa, ko akwai ko babu. A farin 2012 zuwa 2016, da aka rage ruwan madatsai, masu hali suka yi ta haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfi, rijiyoyin talakawa na gida suka ƙafe. A garin East Porterville mutane sun koma jiran ruwan tanki a ƙasar da ake cewa ta fi kowace arziki. Ita kanta ƙasar da ake takawa nutsewa take yi in aka zuƙe ruwan da ke ƙarƙashinta; kusa da garin Mendota ta sauka da kimanin mita 9 tsakanin 1925 da 1977.

A 2014 gwamnan Kalifoniya na lokacin, Jerry Brown, ya sa hannu a dokar kula da ruwan ƙarƙashin ƙasa, wadda ta ba yankunan da abin ya fi tsanani wa'adin 2040 su daidaita abin da suke ɗiba da abin da ke komawa. A ganina wannan dokar ta sauya halin manoma fiye da duk wata takardar wayar da kai. Ka riƙe wannan da kyau, don shi ne amsar tambayarka ta farko. Gaskiya ne yawancin gonaki sun koma ban ruwa na ɗigo da ƙananan fanfunan yayyafi, kuma ruwan da ake kashewa a kan kowane buhu ya ragu. Amma filin da ake noman almon ya ninka fiye da sau biyu tsakanin 2000 da 2020. Abin da aka tsimi a gindin bishiya ɗaya, sabbin gonaki sun shanye. Abin yana damuna ƙwarai, kuma ina so ka zo da idon da zai ga ɓangarorin biyu.

Aikin da kansa yana da daɗi. Da tsakar rana, lokacin da zafi ya haura digiri 40, za ka shiga gona ka zaɓi ganye a cikin inuwa, ka rufe shi da 'yar jaka mai ƙyalli na ɗan lokaci, ka yanko shi ka sa a wata 'yar tukunyar ƙarfe, ka bar tsinkensa a waje. Sai ka riƙa sakin iskar gas a hankali kana duba bakin tsinken da gilashin ƙara girma. Da zarar ruwa ya ɓullo, ka karanta ma'aunin, ka san iyakar ƙishin bishiyar. Manomin da aka nuna wa wannan da idonsa, ya ga bishiyarsa ba ta jin ƙishin da yake zato, shi da kansa yake rage awannin famfo, tunda kuɗin wuta daga aljihunsa yake fita.

Inda karatunka zai haɗu da gida kai tsaye shi ne maganar funfuna. Babban abokin gabar almon wata tsutsa ce da ke kwana cikin ragowar 'ya'yan da suka maƙale a reshe bayan girbi. Inda ta huda, nan funfuna mai dafin aflatoksin ke shiga, wannan dafin dai da ya hana gyaɗarmu shiga kasuwanni da yawa. Maganin farko ba feshi ba ne. A Disamba da Janairu, cikin hazo da sanyi, ake girgiza bishiyoyi da inji, ma'aikata su bi da dogayen sanduna suna kaɗo abin da ya rage, sannan a niƙe shi a ƙasa. Ana kuma rataya wasu na'urori masu fesa ƙamshin macen ƙwaron da ke haifar da tsutsar don namiji ya rasa inda take. Akwai wata funfuna marar dafi mai suna AF36 da ake watsawa a gona ta kori mai dafin, kuma dabarar ɗaya ce da ta maganin Aflasafe da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar don masara da gyaɗa. In da ni ne kai, a nan zan kafa bincikena.

Tsofaffin bishiyoyi a da ƙone su ake yi. Wani malamin gona na Jami'ar Kalifoniya, Brent Holtz, ya yi shekaru yana gwada niƙe su a mayar cikin ƙasa, aka ga ƙasar ta fi riƙe ruwa. Yanzu da aka hana kusan duk ƙone-ƙonen gona a kwarin San Joaquin, wato kudancin kwarin da ke tsakiyar Kalifoniya, daga 2025, dabarar ta samu karɓuwa. Kwasfar 'ya'yan almon kuma shanun madara ake ba. A watan Fabrairu ana kawo amyoyin zuma sama da miliyan 2 a manyan motoci, wajen amya biyu ga kowace eka, don ƙudan zuma su yi wa furanni barbara, shi ya sa ake roƙon manoma kada su yi feshi da rana lokacin fure, su kuma shuka ciyawa mai fure a tsakanin layuka.

Hukumar almon da ke garin Modesto tana da tsari tun 2009 wanda manomi ke auna ayyukansa da kansa. Yana da amfani, sai dai ka tuna hukumar ta masu sana'ar ce, kuma tallata almon na cikin aikinta. Ka karanta alƙalumanta tare da na masu bincike na jami'a.

Makarantu kuwa, ka duba Jami'ar Kalifoniya ta Davis da ta Merced da jami'ar jiha da ke Fresno. Kada ka taso ba tare da gurbin mataimakin bincike mai biyan kuɗin makaranta ba, domin bizar ɗalibi awa 20 kawai ta yarda ka yi aiki a mako lokacin karatu, a cikin makaranta, kuma haya a nan ba wasa ba ce. Ka rubuta wa malamai kai tsaye, ka ambaci aikin da ka taɓa yi a gona da hannunka. Ka tabbatar da halin da dokar biza take ciki daga ofishin jakadanci kafin ka ba kowa ko kwabo. Ka kuma koyi tuƙi tun a gida, gonakin suna da nisa da gari. Turo mini takardar bayanin manufarka in duba kafin ka aika. Ka gaishe mini da su Baba da Inna.