Gidan gado mai araha a hanyar Dutsinma: in biya kafin alƙalami?

Tambaya: Barista, an nuna mini gida mai ɗaki huɗu da falo a sabuwar unguwa ta wajen hanyar Dutsinma, nan Katsina. Kuɗinsa bai kai na maƙwabta ba. Gidan gado ne, babban ɗan mamacin ke sayarwa, takardar da ke hannunsa kuma ta ciniki ce mai sa hannun mai unguwa. Dillali ya matsa in ba da kafin alƙalami.

Amsa: Malam, dakata tukuna. Arahar gida tana da dalili, kuma dillali, da la'adarsa ke jiran a gama ciniki, ba shi zai faɗa maka ba.

Fara da takarda. A Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin cikin birni yana hannun gwamna. Abin da kake saye haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99. Takardar mai unguwa tana nuna an yi ciniki, amma ba ta hana a ce filin yana cikin shatar gwamnati ko an riga an ba wani. Ka ɗauki mai safiyo ya auna, lauyanka ya binciki fayil a ma'aikatar filaye: sunan wa ke kai, an jinginar wa banki, akwai bashin harajin fili? In akwai takardar shaidar mallaka, sashe na 22 na dokar ya ce sai da amincewar gwamna za ta koma sunanka. Gida marar wannan takarda banki ba ya karɓarsa jingina, shi ya sa farashinsa ke faɗuwa.

Gadon ya fi damuna. Girman shekaru bai ba ɗa ikon sayar da rabon ƙannensa ba. Ka nemi takardar rabon gado ta kotun shari'a, kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke gidan aure da matar mamacin. In akwai marayu ƙanana, a samo izinin alƙali. Kuma in rabonsa kaɗai ya sayar maka a gidan da ba a raba ba, a mazhabar Malikiyya sauran magada suna da shufu'a: su mayar maka da kuɗinka su karɓe. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi.

Unguwar kuwa, ka je da kanka ranar da aka yi ruwan sama mai yawa. Dubi gindin katanga: sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kaɗai alama ce ta danshi da aka rufe. Ina lambatun layin ke zubewa? Titin na shata ne ko hanya ce ta cikin filin wani, gobe ya katange? Ɗaga kai ka duba waya: babban layin lantarki na 132kV yana da hurumi mai faɗin mita 30, gini a ciki na rushewa ne. Tambayi hukumar tsara birane ko an amince da zanen ginin. In gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar gini take biya, ba ta tsadar unguwa ba.

Famfo, taransifoma, makaranta da masallaci suna ƙara daraja, amma waɗannan kowa na gani.

In dole sai ka riƙe cinikin, ba da kaɗan ta banki, a rubuta a gaban shaidu cewa za a dawo maka da shi cif in bincike ya nuna matsala. In mai gida ya ƙi wannan sharaɗi, nemi wani gidan.