Amsa ga 'yar'uwar da maigidanta ya rasu

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan maigidanki, Ya raya abin da ya bari. Kin ce yaranki huɗu, kin tsaya a aji biyar na sakandare, kina tambayar ko ki koma karatu ko ki kama sana'a. Na bi wannan hanyar a nan Ƙofar Marusa a Katsina, bari in faɗa miki abin da na gani.

Ina fita takaba na sayar da 'yan kunnena na zinare na sayi keken ɗinki, alhali ko zare ban iya sakawa a allura ba. Shekara guda keken yana ɗaki lulluɓe da zane, yara na ɗora littattafai a kansa. Don Allah kada ki sa jarinki a abin da hannunki bai sani ba. Abin da ya riƙe mu awara ce: kwano biyu na waken suya, in jiƙa da daddare, in kai markaɗe da asuba, in soya a zaure lokacin tashin 'yan Islamiyya. Ribar ba yawa, amma kullum tana shigowa, da ita na shiga adashe.

Karatun kuma kada ki sake shi. Da kwasar adashen farko na biya kuɗin NECO ta 'yan waje, wadda ake rubutawa ƙarshen shekara. Lissafi ya kayar da ni, na sake zama. A lokacin kiredit biyar ake nema don ci gaba da karatu, har da Turanci da Lissafi. Daga nan na yi NCE, wato takardar shaidar malanta, ta tsarin Cibiyar Malamai ta Ƙasa (NTI), karatun ƙarshen mako, wanda bai hana ni suya ba. Yanzu ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare. In kina da hali akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya (FCE) Katsina, akwai kuma cibiyar NOUN, wato jami'ar karatu daga gida.

Batun tallafi, ki fara da mallakar NIN da BVN da asusun banki da sunanki, ba na ƙanin miji ba. Ki leƙa ofishin NDE, wato hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, da Hukumar Zakka da Waƙafi da ƙafarki, ki tambayi lokacin rajista. Wani ya taɓa karɓar dubu uku a hannuna wai kuɗin fom, har yau shiru, don haka duk wanda ya ce ki ba da kuɗi a sa sunanki, ki kama gabanki.

Ki gaya mana abin da kika iya dafawa ko saƙawa, da unguwarku, sai mu ga wacce ke kusa da ke a cikinmu.