Firoksi ya ƙi fita bayan an cire dokar ofis

Malam, ka ce an janye wa kwamfutarka dokar sadarwar ofis, amma Chrome har yanzu ta firoksi (wato sabar da ke shiga tsakanin kwamfutarka da intanet) yake bi. Windows ne ya riƙe saitin. Buɗe regedit (manhajar gyara rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows), shiga HKEY_CURRENT_USER\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\Internet Settings, mayar da ProxyEnable zuwa 0, goge ProxyServer da AutoConfigURL, sannan ka rufe burauzar ka sake buɗewa.

Irin wannan doka kai tsaye take rubuta saitin a rajista, ko an janye ta rubutun yana nan daram. Na taɓa shafe kwana biyu ina fama da wata kwamfuta a kan haka. Amma in abin ya dawo bayan ka sake kunna kwamfutar, rubuta chrome://policy a wurin adireshi na Chrome ka duba. In ka ga ProxySettings a can, dokar ba ta fita ba tukuna, sai mai kula da sadarwar ofis ya cire ta daga wajensa.