Kar ka yanke ƙauna tun watan Fabrairu

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'a da ta sha kashi a jere a Fabrairu za ta iya farfaɗowa. Wallahi tana iyawa, kuma na gani da idona a talabijin.

Dubi UConn, wato ƙungiyar Jami'ar Connecticut ta Amurka, a kakar 2010 zuwa 2011. Sun fara da zafi, suka ɗauke gasar Maui a Nuwamba. Da aka shiga wasannin Big East, wato rukunin jami'o'in da suke ciki, sai ƙafa ta yi sanyi: ci 9, kashi 9, har suka faɗi a wasa 4 cikin 5 na ƙarshe. Mutane da yawa suka ce an gama da su.

Sai Maris ya zo. A filin wasa na Madison Square Garden da ke New York suka ci wasa 5 cikin kwana 5, suka ɗauke kofin Big East. Har yau ina tuna ɗan wasansu Kemba Walker a wasansu da Pittsburgh, saura daƙiƙu kaɗan: ya yi kamar zai kutsa, ya ja da baya, mai tsaronsa ya faɗi ƙasa, ya jefa ƙwallo ta shiga. Tsigar jikina ta tashi.

Daga nan suka ci wasa 6 na gasar NCAA, wato gasar jami'o'i ta ƙasa baki ɗaya, a wasan ƙarshe suka doke Butler 53 da 41 a Houston, kofi ya tafi gida da koci Jim Calhoun.