Yarona ya nemi hutun Mako Mai Tsarki: me suke yi a coci tun daga Alhamis?

Tambaya: Ina da shagon atamfa a Kantin Kwari. Yaron shagona ɗan Numan ne, yana zuwa cocin Lutheran. Ya ce in sallame shi da wuri ranar Alhamis, sai bayan Ista zai dawo. Ni na ɗauka Lahadi ce kaɗai ranar bikinsu. Me ake yi a sauran kwanakin?

Amsa: Alhaji, yaronka bai yi maka wayo ba. A wurin mabiya Lutheran babu makon da ya kai wannan nauyi, ko na Kirsimeti bai kama ƙafarsa ba. Ba abin mamaki ba ne da ka ce ɗan Numan ne, don can ne hedikwatar cocinsu, LCCN (Cocin Lutheran ta Almasihu a Najeriya), tun da likitan mishan ɗan ƙasar Denmark, Niels Bronnum, ya sauka garin a 1913. Sunan kuwa daga Martin Luther ne, malamin Jamus da ya tayar da gyaran ikilisiya a 1517.

Makon yana farawa da Lahadin Dabino. In ka bi ta Sabon Gari da safe za ka iya cin karo da yara riƙe da ganyen dabino suna waƙar Hosanna, tunawa da shigar Yesu Urushalima a kan jaki. Litinin zuwa Laraba ba su da wata hidima mai yawa.

Alhamis da yamma ce ya nema, kuma ita ce ya kamata ka fahimta. A daren ne Yesu ya ci jibin ƙarshe da almajiransa, ya wanke musu ƙafafu, kamar yadda Linjilar Yohanna sura 13 ta kawo. Saboda haka ake cin Jibin Ubangiji. Wasu ɗariku suna ɗaukar gurasa da ruwan inabin a matsayin alama kawai. Luther ya ƙi yarda da haka, ya kafe a kan kalmar "Wannan jikina ne". Ɗan Lutheran in ya durƙusa a gaban bagade, wato teburin hidima da ke gaban coci, ya miƙa hannu, ya gaskata cewa Almasihu kansa yake karɓa, tare da gafarar zunubi. Ka ga ba abin da zai so ya wuce shi saboda ƙirga bandir ba ne.

A inda ake bin tsohon tsari, bayan Jibin sai a tuɓe bagade: a kwashe kyandir, a ɗauke ƙoƙo, a naɗe farin mayafin, a bar katako tsirara, ana karanta Zabura 22. Fasto ba ya sa albarkar sallama. Kowa ya tashi shiru ya nemi takalminsa ko mashin ɗinsa. Dalilin shi ne sujadar ba ta ƙare ba, za ta ci gaba gobe. Ni a ganina wannan shirun ya fi wa'azi da yawa ratsa zuciya.

Juma'a ranar gicciye ce. Ana karanta Yohanna 18 da 19, wasu majami'u kuma su bi kalmomi bakwai da Yesu ya faɗa a kan gicciye, tsakanin sha biyun rana da ƙarfe uku, cikin zafin bazarar Kano da ka sani. Da yawa suna azumi, amma cocin bai wajabta ba, ganin dama ne. Asabar ta jira ce.

Lahadi da asuba komai ya juye. Bagade ya koma fari, Halleluya da aka ajiye tun farkon azumin kwana 40 na kafin Ista ta dawo, 'yan Zumuntar Mata su ɓarke da waƙa. Fasto ya ce Almasihu ya tashi, jama'a su amsa, hakika ya tashi.

Ranar Ista ba ta tsayawa wuri guda, don wata take bi: Lahadin farko bayan cikar wata da ta faɗo daga 21 ga Maris, wato tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Juma'ar da Litinin ɗin dama hutun gwamnatin tarayya ne. Abin da ya roƙe ka a zahiri shi ne yammacin Alhamis da wunin Asabar. In Asabar kasuwa ta cika, ku yi magana, ba na jin zai ƙi zuwa. Alhamis ɗin dai ka sake shi kafin la'asar.