Amsar tambayar Yaya kan makeron yaro

Assalamu alaikum. Yaya, na saurari saƙonki, kin ce an ba yaro Ampiclox sati guda amma makeron kansa ko gezau. Ai ko wata zai yi yana sha ba zai taɓa shi ba. Makero ba bakteriya ba ce, dangin funfuna ne, ’yan gida ɗaya da yis ɗin burodi da naman kaza.

Kin ga, kowace ƙwayar halittarsu tana da katanga, kuma da sukari ake gina ta. Amma fa ba mai zaƙi ba. Gulukos ake jerawa ɗaya bayan ɗaya kamar ’ya’yan carbi har ya zama dogon zare, shi ake kira gulukan. Akwai zare na biyu, kaitin, shi kuma gulukos ne da aka liƙa masa naitirojin. Wannan ƙaras-ƙaras ɗin da kike ji in kina cin soyayyar fara, to, kaitin ne a ɓawonta.

Yadda suke ginin ne yake burge ni wallahi. Kin tuna injin taliyar Hajiya, a sa kwaɓi ta nan, zare ya fito ta can? To akwai wani inji haka, inzayim muke ce masa, a dashe cikin tantanin ƙwayar. Ta ciki yake karɓar sukarin, ya ɗaura, ya tura zaren waje. A wajen wasu inzayim ɗin su kama, su ƙulla gulukan da kaitin kamar saƙar tabarma. Ita funfunar kanta kamar zare take tsiro, kuma a tsinin bakinta ake wannan aiki, nan ne bangon yake da laushi, shi ya sa tabon yake ta faɗaɗa daga gefe.

Ita bakteriya nata bangon daban ne, su Ampiclox maginan bangonta kaɗai suke iya tsayarwa.

Akwai allurar da ke tsayar da injin gulukan ɗin, Caspofungin, Amurka ta amince da ita a 2001, amma ta masu ciwo mai tsanani ce a gadon asibiti, ba ta makero ba.

Shi makeron kai, man shafawa kaɗai ba ya isa tushen gashi. Ki kai shi a duba, galibi Griseofulvin ake bayarwa, sati 6 zuwa 8. Sannan a raba masa mataji da hula, a saya masa askarsa shi kaɗai. A gaishe min da su Hajiya.