Wai su waye ke zuwa taron OPEC da sunan Najeriya?

Tambaya: Salamu alaikum malam, ni keke napep nake ja a nan Jos, layin Bauchi Road zuwa Terminus. Kullum sai mu ji a rediyo an tafi taron OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur, wai NNPC ce ke zuwa? Kuma me ya hana su roƙo a rage mana kuɗin fetur?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kawo kasuwa. Ba NNPC ba ce, ita yanzu kamfani ce mai saye da sayarwa. Wannan aikin Ma'aikatar Albarkatun Man Fetur ne a nan Abuja, dokar masana'antar man fetur (PIA) ta 2021 ta ɗora wa ministan man fetur nauyin wakiltar ƙasa a irin waɗannan ƙungiyoyi. Tun 1971 muka shiga OPEC, hedikwatarta na Biyana ta ƙasar Ostiriya, kuma namu biyu, marigayi Rilwanu Lukman da marigayi Sanusi Barkindo, duk sun riƙe babban sakatarenta.

Minista dai shi ake ɗauka a hoto amma wahalar tana kan ma'aikatan da ke kwana kan lissafi, ganga nawa muka haƙo a wata, nawa za mu iya badi, don da waɗannan alƙaluman ake ciniki kan kason da za a ba kowace ƙasa, kuma OPEC ba ta tsayawa kan bakinka kawai, tana duba lissafin wasu masu sa ido daga waje. Shi ya sa da satar mai da fasa bututu suka hana mu cika kasonmu na ganga sama da miliyan 1.7 a rana, aka dawo da mu miliyan 1.5 daga 2024. Angola da aka yi wa irin wannan ragin fushi ta yi ta fice a Disambar 2023, mu muka haɗiye, ni a ganina gara hakan.

Batun roƙon ragi kuwa, ai a wancan ɗakin ba a zancen lita, ɗanyen mai ake magana, kuma wakilinmu so yake ya yi tsada don dala ta shigo asusun gwamnati. To tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, in ɗanyen ya tashi kai ma sai ka ji a jikinka in ka miƙa dubu biyar a gidan mai, ga canjin dala, ga kuɗin dakon tanka daga Legas har ta hau tudun Jos. In kuwa famfon gidan mai ne kake zargin yana cin awo, wannan NMDPRA, hukumar da ke sa ido kan gidajen mai, ake kai wa ƙara.